Yadda Na Gwada Bakin Malama Adila

Ni ne Haruna Auta, mai fito a Kwarin Tsamiya, kan hanyar ruwa tsakanin Haɗeja da Guri. Duk wanda ya taɓa ƙetare ruwan nan da kaya ya san ni, in ya ce bai san ni ba, to ta kwalta ya zagaya. Dorina ta taɓa ɗaga jirgina sama ta yar, na fito da gwangwalar tuƙina a hannu. Amai da gudawa ya shiga gidanmu ya kwashi wanda ya kwasa, ya bar ni tsaye ina haƙa kabari. Ambaliyar da ta cinye tsohon garinmu, ni na fito da mahaifiyata a baya, ga akuya a wuya. Ban yi boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba, amma ba a taɓa yi mini wayo iri ɗaya sau biyu ba. Na faɗi wannan ne don a san wanda ya gwada matar nan ba yaro ba ne.

Shekarar babbar ambaliya, da jinga ta karye ruwa ya haɗe gonakin shinkafa da hanya, manyan jirage biyu ne a mafitarmu, nawa da na babban ɗana. Ɗan fari ne, don haka ba na kama sunansa, za ku ji shi a bakin wasu. Babba nake cewa in dole ta kama. Tun da aka yaye shi yayata Uwa ta ɗauke shi, ita ta raine shi. Ni da shi ba ma zama tabarma ɗaya, ba ma haɗa ido. In ina da magana sai in gaya wa Yaya Uwa, in shi ke da ita ya gaya mata. Haka ubana ya yi da babban wanmu, ban ga ta inda abin ya rage shi ba.

Wata ranar kasuwar Guri da la'asar, Babba ya ɗebo mutane da buhunan shinkafa. A ƙarƙashin ruwa akwai kututturen giginya da ambaliya ta kayar, ciyawar kacalla ta rufe shi. Jirgi ya hau kai ya tsage. Ya fitar da wanda ya iya fitarwa, ya yi ta nutso har jini ya zubo masa ta hanci, amma mutum uku sun tafi. Cikinsu har da 'yar Sunusi mai shago, yarinyar goye, ta suɓuce daga bayan uwarta Safara'u.

Sauran gidajen suka ce ƙaddara ce, suka yafe. Sunusi bai yafe ba. Ya ce lodi ne ya yi yawa. Ya je wurin 'yan sanda suka ce ya kawo shaida, waɗanda ke cikin jirgin kuwa kowa ya ce shi dai ruwa ya gani. Tun daga nan abu ɗaya Sunusi yake nema a duniya: mutum guda da zai tashi ya ce, na ji daga bakin mai jirgin.

Mai jirgin kuwa ga shi a bayan rumbu, ya zama abin tausayi. Ba ya ci, ba ya zuwa bakin ruwa. In an ajiye masa buta zai yi alwala sai ya kasa zuba ruwan. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yanka abin yankawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da Yaya Uwa ta ce yana maimaitawa: "Ni ne. Ni ne." Na ce ta riƙa sakaya ƙofar gida, ko mai tallan goro kar ya zauna kusa da shi. Kalmomin nan in suka shiga kunnen da bai dace ba, gidan yari ne.

Da ruwa ya ja, ba shawara ba komai, sai Yaya Uwa ta sa shi a mota ta kai shi asibiti a Haɗeja. Can aka tura su wani ɗaki a baya, wurin wata mata, Malama Adila. An ce masaniyar halayyar ɗan Adam ce, mutanenmu dai malamar damuwa suke ce mata. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Zama ake yi a kujera a yi ta magana. Kowane mako sai ya je. Kafin wata daminar ta kankama ya fara cin tuwo, ya fara ɗaukar 'ya'yansa, har an gan shi yana ɗinkin komar kamun kifi a ƙofar gida.

Kowa na murna, ni ina tunani. Mutum ya tafi da magana a cikinsa, ya dawo babu ita. To ina ta tafi? Wa ke riƙe da ita? Ni na ga zuwan masu farar mota da suke tambayar sunan mutum da yawan awakinsa su ce taimako ne, ka jira taimakon har awakin su mutu. Ban taɓa ganin wanda ke sauraren talaka a banza ba.

Ran nan na shiga Haɗeja sayen ƙusa da kwaltar liƙin jirgi, na ce bari in leƙa in ga ɗakin nan da idona. Na tsaya a gindin wata darbejiya. Ƙofa ta buɗe, wa zai fito in ba Safara'u matar Sunusi ba. Tana share ido da bakin mayafi, matar nan ta rako ta har baranda tana dafe da kafaɗarta. Na ji ƙusoshin da ke hannuna sun yi nauyi. Kunne ɗaya ne: yau ɗana ya zuba masa, gobe matar mai neman ɗaure shi ta zo ta zauna kusa da shi.

Na koma gida na zaɓi bandar tarwaɗa, irin wadda ba na sayarwa, na cika kwando, na sake komawa. Malamar yarinya ce a idona, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, da tabarau da hijabi ruwan toka. Ta tashi ta ba ni kujera, ta gaishe ni har da tambayar ruwa.

"Ruwa da godiya," na ce. "Ga ɗan kifi a yi wa yara miya. Ni ne uban mai jirgin nan da ke zuwa daga Kwarin Tsamiya. So nake in ji me yake gaya miki."

"Sannu da tattaki, Baba. Amma wanda ke zuwa wurina da wanda ba ya zuwa, ba na faɗa."

"Ai ba tambayarki nake ko yana zuwa ba. Na san yana zuwa. Ni na haife shi."

"Allah ya yi albarka. Duk babban mutumin da ya zauna a kujerar nan, maganarsa tasa ce. In shi ya ce a gaya wa wane, sai a gaya masa, a gabansa. In cikin ɗanka kake son ji, ai ya fi kusa da kai a kaina."

"Ɗan fari ne."

'Yar ƙasar nan ce, ta gane.

"To, ai akwai wanda kuke aike ta bakinsa," ta ce.

"Matar Sunusi fa? Ita me take nema a nan?"

"Amsar ɗaya ce, Baba."

Sai ta dubi kwandon. "Kifin nan ya yi kyau, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne a mayar wa babba da kyautarsa. Ka yi mini haƙuri. Tare da tambaya ya shigo. In na karɓa zai zama kamar an saya an sayar."

Na ɗauki kwandona. Tun ina saurayi nake kai kifi gidajen manya, daga bulama har sama, ba wanda ya taɓa ce mini mayar. Ma'aikacin da ya ƙi bandar tarwaɗa a ƙasar nan ya ƙoshi ne a wani wuri. Sunusi kuwa yana da shago.

Na tarar da Yaya Uwa tana tsinkar zogale. Na ba ta labari kaf, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Miƙo kifin nan, ni ban ƙoshi ba," ta ce. "Auta, yaron nan ya fara barci. Ka ƙyale shi."

"Barcin da zai farka a gidan yari?"

"Ranar farko ina cikin ɗakin. A gabana ta gaya wa Rilwanu abin da za ta riƙe da abin da ba za ta iya riƙewa ba. Sannan ta tambaye shi ko yana so in fita. Ya ce yana so. Na fita."

"An kore ki, kina yabo."

"Kai ma an koro ka, har da kwando a ka."

"Ki gaya masa na ce ya daina zuwa."

"Ba zan faɗa ba sai ka kawo mini dalili. Ganin mace a baranda ba dalili ba ne."

Dalili take so, to. Mu masu jirgi muna da yadda muke gwada sabon kwale-kwale kafin mu ɗora masa ran mutane. Ba a ruwa ake gwada shi ba. A tudu ake ɗora shi kan itatuwa, a cika cikinsa da ruwa har baki, mutum ya kwanta a ƙasa yana kallo. Inda ya ɗiga, nan ɓular take. Kuma ruwa kaɗan ba ya nuna komai, sai an cika ya yi nauyi. Na ce haka zan yi wa matar nan. Zan zuba mata maganar da ba wanda ya taɓa ji, mai nauyi, in dawo gida in zauna. In ta fito ta bakin Sunusi, na san hanyar da ta bi.

Na koma ba kwando, na sa tsohuwar riga, na langaɓar da kai.

"Yau ba tambaya na zo ba, Malama. Ni ma damuwar ce."

"Zan saurare ka yau," ta ce. "In za ka ci gaba da zuwa, abokin aikina zan haɗa ka da shi, Malam Haris, don akwai dalilin da ya sa bai kamata ya zama ni ba."

Na ce a raina, ga wani kunnen an ƙaro.

"Kafin ka fara, Baba, ka ji wannan da kyau. Abin da ka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Sai fa in na ga ran wani yana cikin haɗari, ko naka. Nan kam zan gaya wa wanda zai iya tsare ran, kuma kai zan fara gaya wa cewa zan faɗa. Haka kuma in kotu ta tilasta mini. Ka gane?"

"Na gane tun kafin a haife ki."

Na ɗauke shi irin karatun da masu sayar da magani ke zubawa a tasha, wanda ba mai saurara. Hankalina yana kan abin da na shiryo. Tun da Babba ya ajiye gwangwala, jirgina kaɗai ke ɗaukar kaya masu nauyi, don haka Sunusi da duk ƙiyayyarsa nawa yake shiga ranar kasuwa. Ya zauna a kan kwalayen kayansa ya juya mini ƙeya, ba gaisuwa. A kan wannan na gina maganar.

"Ranar kasuwar Guri mai zuwa zan kifar da Sunusi mai shago."

Ba ta firgita ba, wannan na ba ta. Ta dai gyara tabarau.

"Tun yaushe kake wannan tunanin?"

"Tun ranar da ya taka ofishin 'yan sanda."

"Ka tsara yadda za ka yi?"

Nan na nuna mata aikin gwani. Na ce akwai wata kwana bayan tsohuwar jinga, inda kacalla ta matse hanya, ruwa yana juyawa ta ƙasa. Zan ce wa sauran fasinja lodi ya cika, su jira sahu na biyu. In mun isa wurin in kafa gwangwala, in taka gefen hagu da dukan nauyina. Sunusi ɗan tudu ne, bai iya ruwa ba. Ni kuwa ko da duwatsu a aljihu zan fita.

"Baba, mutum yakan faɗi irin wannan don zuciya ta yi masa zafi, ba don zai aikata ba. Wanne ne naka?"

"Ni ba na magana biyu."

"In na roƙe ka ka ba wani jirgin ranar, kai ka zauna a gida?"

"Ba mai taɓa gwangwalata."

"Akwai wanda kake jin maganarsa, mu kira shi yanzu?"

"Duk sun mutu."

Ta sake juyo tambayar ta wata hanya, ta sake, kamar mai laluben ƙofa a jikin katanga. Na ga abin da take so: in ce wasa nake. Ni Haruna Auta in janye magana a gaban sa'ar 'yar cikina? Kuma in na janye, ai ruwan ya zube, ba a yi gwaji ba.

"To, Baba, na gaya maka tun farko. Wannan ba zan riƙe ba. Zan sanar da shugabana a nan, sannan in gaya wa Sunusi kar ya shiga jirginka, in gaya wa Sarkin Ruwanku. Wannan maganar kaɗai zan faɗa. Da za ka yarda, na fi son mu je tare ka faɗa da bakinka."

"Ki yi abin da kika saba," na ce.

A mota ina ta dariya ni kaɗai, har na kusa da ni ya matsa. Ko kwanciya ban yi a ƙasan jirgin ba ya fara yoyo. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini: ban taɓa ganin magulmacin da ke yin sallama kafin ya kai gulma ba. Na ce sabon salo ne na 'yan boko.

Washegari da hantsi aka aiko Sarkin Ruwa Ɗahiru yana kirana. Ɗahiru sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, kuma shi ya yi kuka. Na tarar da ƙofar zaurensa cike da mutane, don an ga baƙuwa mai tabarau ta ƙetaro a ƙaramin jirgi. Ita ta roƙa aka sallami jama'a aka turo ƙofa. Saura ni, da Ɗahiru, da Sunusi a tsugune yana huci, da ita, da Yaya Uwa wadda ba a haifi mai korarta ba.

"Auta," Ɗahiru ya ce, "Malama ta ce ka ce za ka kifar da Sunusi ranar kasuwa. Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Za ka yi?"

"Ɗahiru, mutum nawa na tsamo daga ruwan nan, har da kai? Gwaji na yi." Na juya wurin yayata. "Kin ce in kawo dalili. Ga shi nan zaune da tabarau. Jiya na zuba, yau ya ɗiga."

"Kai dai an yi tsohon banza," ta ce. "An ce maka ga rami, ka je ka faɗa ciki da ƙafarka, ka fito kana cewa ka gano rami."

"Ni ban yarda gwaji ba ne," Sunusi ya ce. "Duk ranar kasuwa ina jin idon mutumin nan a ƙeyata."

Ɗahiru ya daɗe yana murza gemu. "Gwaji ko ba gwaji ba, Auta, ka san dokar mafitar nan, ubanka ma ya taɓa zartar da ita. Mai fito ba ya kiran mutuwa a kan wanda zai ɗauka, ko da wasa. Ka ajiye gwangwala sai ruwa ya ja. Jirgin a ba wani ya tuƙa, mutane ba za su rasa kasuwa ba."

Na ji ta har ƙashina. Damina guda a tudu, ni da ko zazzaɓi bai taɓa hana ni fito ba. Ban nuna ba. Na ce a raina, in da wannan na raba Babba da matar nan, ban yi asara ba.

Sai Sunusi ya juya wurinta.

"Malama, tunda yau ranar faɗa ce, faɗi sauran. Rilwanu yana zuwa wurinki, duk garin nan an sani. Me ya ce game da lodin jirgin? Ga Sarkin Ruwa, ga shaidu."

Duk shirina ban hango wannan ba, cewa ni da hannuna zan haɗa su a zaure ɗaya, ga mai tambaya ga mai amsa ga shaidu. Na kafa ido a bakinta.

"Malam Sunusi, abin da ya kawo ni na faɗa. Ba ni da wata magana a kan kowa."

"Ta uban kin ɗauko har gida, ta ɗan kin rufe?"

"Na ɗauko ne don kar a rasa rai ranar kasuwa. Naka."

"Ran 'yata fa? Ba rai ba ne?"

Na ga leɓenta ya motsa kafin magana ta fito.

"Rai ne. Allah ya sa mai ceto ce, ya ba ku haƙuri. Amma duk wanda ya zauna a gabana bisa amana, ba zan mayar da shi shaida a kan kansa ba. Ban ce maka wane yana zuwa ba, ban ce ba ya zuwa ba."

"Zan kai ki gaba. Sai an raba ki da aikin nan."

"Kana da iko. Zan kwatanta maka ofishin da ake kai ƙararmu. In alƙali ne ya aiko, zan je in gaya masa abin da aikina ya ɗora mini, shi ya yanke. Amma a nan, a'a."

Sunusi ya miƙe tsaye. Ɗahiru ya ce ya zauna, bai ji ba. Yaya Uwa ce ta miƙa sandarta ta taɓa ƙafarsa.

"Ɗan nan, tsaya in tambaye ka. In aka buɗe bakin nan, na mutum ɗaya ne zai fito? Duk wanda ya taɓa kuka a ɗakin can sai a zazzage nasa a zaure? Har na gidanka?"

Ni ban san abin da Safara'u take kaiwa ɗakin nan ba. Na lura shi ma bai sani ba, kuma ba ya so a ji a gaban mutane. Ya sa takalminsa ya fita, ba sallama.

A bakin ruwa ta tsaya jiran ƙaramin jirgin da zai mayar da ita. Ni da ke da jirgi mafi kyau a mafitar, ina tsaye hannu a baya. Ta matso ta rage murya.

"Baba, ban so ta ƙare haka ba."

"Kin ci mini damina guda."

"In aka maimaita, haka zan sake yi. Malam Haris yana nan, in ka so. Kwanar nan da ka kwatanta mini, da gefen da za ka taka, ba na jin a kujerata ka fara ganinsu."

"Mai fito ya san kowace kwana, 'yar nan."

"Haka ne," ta ce.

Na tsaya har jirgin ya shige cikin kacalla. Na yi ta juya abin. Lokacin da Sunusi ya ce zai raba ta da aiki, duk da haka bakin nata bai buɗe ba. Na ce ko shiri suka yi don su rufe mini ido. Sai na tuna Sunusi ko sukari ya ƙara wa kuɗi a fuskarsa ake fara gani, ba zai iya wannan wasan ba. Na nemi wata hanyar da za a ce sun haɗa baki, na nema da gaske, ban samu ba a ranar. Ban ce babu ba.

Yaya Uwa ta iso tana dogara sanda.

"To, mai dalili. Gobe ranar zuwansa ce. Me zan ce wa Rilwanu?"



"Ya je."

"Me ka ce? Kunnena ya tsufa."

"Na ce ya je. Ni na gwada ta da kaina, na san iyakarta, ba wani ne ya gaya mini ba. Amma ki ja masa kunne a kan alƙalin nan da ta ambata. Ranar da ya ga baƙon mutum yana shawagi a barandar nan, ya tashi ya taho, ko takalmi kar ya tsaya nema."

"Ta gaya masa wannan tun ranar farko," ta ce. "Shi ya saurara."

Ta wuce gida. Can na hango Yunusa ƙanen Ɗahiru, wanda aka ba jirgina, ya shiga yana gwada tsayuwa. Ya riƙe gwangwala kamar mai tuƙa tuwo. Na nemi wuri mai tudu inda murya za ta kai, na zauna, na fara gaya masa inda zai sa ƙafa.